Sikon mai kiranberi da lemo kayan oda ne, kada ki zuba masa kuɗin adashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Kaduna, ina yin kek da mitfai da cincin a gida, ina sayarwa ta WhatsApp da wajen 'yan unguwa. Wata kwastomata da ta yi karatu a Ingila ta ce in gwada yi mata sikon, wani gashin fulawa na Turawa da ake ci da shayi, mai kiranberi (wani ɗan itace mai tsami da ake busarwa) da ɓawon lemo. Na gwada, ya yi kyau, ta yaba ƙwarai. Yanzu ina so in sa shi cikin kayan da nake sayarwa, ɗaya ₦1,000. Ledar busasshen kiranberi mai giram 170 na saye ta ₦9,000, bota mai giram 200 kuma ₦6,500. Wata ƙawata ta ce za ta samo mini katan mai leda 12 daga Legas a ₦90,000. Ƙarshen wata zan kwashi adashi na ₦150,000. In sayi katan ɗin? Kuma farashin da na sa ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Kada ki sayi katan ɗin, kuma ₦1,000 faɗuwa ce. Amma sikon ɗin kansa kada ki yi watsi da shi, akwai kuɗi a cikinsa in kin san wa za ki sayar wa, da yadda za ki riƙa karɓar oda. Ɗauko biro da takarda mu fara da lissafi.

Kwaɓi ɗaya, irin wanda ake yankawa gida takwas, yana cin fulawa giram 250, bota giram 100, kiranberi kamar giram 85, wato rabin ledarki, sukari giram 60, ƙwai ɗaya, madara ko kindirmo rabin kofi, bekin foda babban cokali ɗaya, ɗan gishiri, da ɓawon lemo biyu. Da farashin da kika turo, botar kaɗai ₦3,250 ce, kiranberin ₦4,500. Sauran kayan ba ki faɗi nawa kike saye ba, don haka zan yi ƙiyasi, ke kuma ki gyara da abin da ke cikin littafinki. A ce fulawa ₦400, sukari ₦120, ƙwai ₦250, madara ₦300, bekin foda da gishiri ₦150, lemo ₦300. Jimla ₦9,270. Ki ɗora gas na ₦500, kwalin zubawa da takardar shimfiɗa ₦600, kin kai ₦10,370. In kika raba takwas, kowane ɗaya ya tsaya miki kusan ₦1,300 tun ba ki sa ladan hannunki ba. Ki sayar ₦1,000, kwalin ya kawo ₦8,000. Ke nan duk kwaɓin da kika yi, kin zaro ₦2,370 daga ribar mitfai kin miƙa wa kwastoma kyauta, ita kuwa ba ta ma san kin yi mata alheri ba balle ta gode.

Ki sake duba lissafin nan da kyau. Bota da kiranberi su biyu sun cinye ₦7,750 cikin ₦10,370, kashi uku cikin huɗu ke nan, kuma dukkansu daga ƙetare suke zuwa. Kiranberi ɗan itacen ƙasar sanyi ne, ja, ƙarami, mai tsananin tsami. A Arewacin Amurka ake nomansa, cikin fadamu masu ƙasa mai tsami, kuma sai ya sha sanyin hunturu irin nasu kafin ya yi 'ya'ya. Jihar Wiskonsin ita kaɗai tana fitar da fiye da rabin abin da Amurka ke nomawa, sai Masacusets da wasu jihohi, sai Kanada, musamman yankin Kwibek. Tsakanin Satumba da Nuwamba suke girbi: su cika gonar da ruwa, inji ya kaɗe 'ya'yan, su taso saman ruwa saboda iskar da ke cikinsu, a tattara a kwashe. Wanda ke cikin ledarki an jiƙa shi da sukari ne aka busar, domin ɗanyensa ba ya ciwuwa don tsami. Da yawan ledojin da za ki gani a manyan kantuna na Ocean Spray ne, ƙungiyar manoma ce da aka kafa a Amurka tun 1930. Na kawo miki wannan ne don ki san babu wata damina da za ta zo kiranberi ya yi araha a Kaduna yadda tumatir ke yi. Farashinsa dala yake bi. Kin kuwa ga abin da ya faru bayan Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023: dalar da ake canzawa wajen ₦460 a farashin gwamnati ta haura ₦1,500 a farkon 2024. Duk wanda jarinsa ke cikin kayan ƙetare, ya kuma ci gaba da sayarwa a tsohon farashi, ya koma sari ya tarar kuɗin hannunsa ba ya sayen rabin abin da ya sayar. Saboda haka farashin sikon ki riƙa gina shi a kan kuɗin da za ki sayi leda ta gaba, ba kuɗin da kika sayi wadda ke cikin kabad ba.

To nawa za ki sa? Ki ɗora ladan aikinki a kan ₦10,370 ɗin nan. Daga goga lemo zuwa wanke faranti ba za ki kasa awa ɗaya da rabi ba, a ce ₦1,500. Mata da yawa masu sana'ar gida ba sa lissafa wannan, suna ganin ai a gida suke, alhali awar da kika ba sikon awar mitfai ce kika ɗauke. Sai ki ƙara kashi ɗaya cikin goma na ɓarna, domin wata rana gindinsa zai ƙone, wata rana ɗaya zai karye wajen cirewa. Kin kusa ₦13,000. Kwali mai sikon takwas ya zama ₦16,000, wato ɗaya ₦2,000, ribarki ₦3,000. Kuɗin aike na mai saye ne, daban. Na san da jin ₦2,000 gabanki ya faɗi, kina tunanin wa zai saya. Gara ki yi wannan tunanin yanzu da ki yi shi bayan kin biya kuɗin katan.

'Yan unguwar da ke sayen cincin ɗinki ba su ne kasuwar wannan ba. Wanda bai taɓa cin sikon ba, in ya gutsura zai ce kek ne da bai ji sukari ba, ko burodi ne da ya bushe. Asalinsa abincin Birtaniya ne, ana danganta farkonsa da Sikotland, kuma da shayi ake cinsa, a raba shi biyu a shafa masa jam da kirim mai kauri. Na Ingila zagayayye ne, sukarinsa kaɗan. Amurkawa kuma suka ƙara masa bota da sukari, suna yanka shi mai kusurwa uku, su yarfa masa sukarin ado a kai, kuma haɗin kiranberi da lemo ya fi tashe a wajensu a ƙarshen shekara, lokacin bikinsu na godiya a watan Nuwamba da kuma Kirsimeti. Ki tambayi kwastomarki wanne take nufi a cikin biyun, domin na Ingilan ya fi sauƙin kuɗi, botarsa ba ta kai ta na Amurka ba. Masu sayen wannan kaya su ne irinta: waɗanda suka zauna waje suna marmarin abin da suka saba, ofisoshin da ke taron bita ana hutun shan shayi, masu ƙaramar walima ta ƙawaye da ke son a ga abin da ba a saba gani ba, da ƙananan gidajen shan kofi. Ba su da yawa, amma ba sa tsayawa neman ragi in kayan ya yi musu. Kwastoma ɗaya kike da ita a yanzu, kuma yabo ta yi, ba oda ta biyu ba. Yabo kuwa ba ya sayen gas.

Wani abin kuma, sikon ba ya kwana da daɗi. Ranar da aka gasa shi ne sikon, washegari sai an ɗumama, kwana na uku sai dai a jiƙa a shayi. Cincin da dubulan da alkaki suna yin makonni, shi ya sa suke shiga gara da kayan Sallah, kina iya yin bokiti guda ki ajiye kina sayarwa a hankali. Wannan in kika gasa babu mai jira, kwantai ne, kuma kwantan da kowane ɗaya ₦1,300 ne.

Yanzu maganar katan. A ido ciniki ne mai kyau: leda ta koma ₦7,500 maimakon ₦9,000, kin tsira da ₦1,500 a kowace, ₦18,000 a katan. Amma leda 12 kwaɓi 24 ne, sikon 192. Ko da kina samun odar kwali biyu duk mako, wanda ba ki fara samu ba tukuna, sai kin yi wata uku kafin ya ƙare. Wata uku ₦90,000 na kwance a kabad. Ki ɗauki kuɗin nan ki sa a fulawa da nama da mai na mitfai, kayan da kika riga kika san masu sayensa, a ce ribar ₦5,000 kacal yake kawowa a mako. Cikin mako 12 ₦60,000 ke nan. Ki ajiye ₦60,000 kusa da ₦18,000 ki ga wanne ya fi. Ban ma yi maganar zafi ba, da ke sa 'ya'yan su dunƙule su manne, ko tururuwa da ke bin ledar da aka buɗe, ko kuma abin da ya fi damuna: kayan ƙetare da aka karya wa farashi sau da yawa kwanan lalacewarsa ne ya matso. Ban ce ƙawarki za ta cuce ki ba, ita ma wataƙila ba ta duba ba. In wata rana kasuwar ta buɗe har kina buƙatar katan, ki sa a turo miki hoton kwanan watan da ke jikin ledar kafin ki tura ko sisi, kuma ki nemi masu sana'a irin taki biyu ko uku ku raba shi.

Akwai hanyar da na fi so miki, a bakin ƙofarki take. Aikin kiranberi a cikin sikon biyu ne, tsami da jan launi. Zoɓo yana da duka biyun. Ba ni na ƙirƙiro ba, a jihar Fulorida ta Amurka, inda zafi ba ya barin kiranberi ya yi, an daɗe ana dafa zoɓo da sukari a ci a madadinsa. Mu kuwa a Jigawa da Kano da Katsina ake nomansa, ana loda shi a manyan motoci daga kasuwanni irin ta Maigatari, har ƙasar Meziko ake kai shi. Ki zaɓi mai manyan kunnuwa, wanda bai farfashe ba, ki wanke shi sosai saboda yashi, ki tafasa kamar minti goma har ya yi laushi, ki tsame. Ruwan farkon nan kada ki zubar, zoɓon sha ne, ki sa masa citta da kanumfari ki ƙulla ki sayar. Kunnuwan kuma ki mayar tukunya da sukari daidai nauyinsu da ɗan ruwa, ki bar su a wuta kaɗan har su yi danƙo suna sheƙi, ki baza a faranti ki busar a oben mai sanyin wuta, sannan ki yayyanka ƙanana. Ki kiyayi bekin soda a kwaɓin da za su shiga. Kin san yadda zoɓo ke canza launi in aka jefa masa kanwa, haka soda ke yi masa, sai ki yanka sikon ki ga kewayen 'ya'yan ya yi shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Bekin foda kaɗai ya isa.

A lissafi, a ce zoɓon da sukarinsa da gas ɗinsa sun ci ₦500 a gurbin ₦4,500. Kwaɓin ya sauko ₦6,370, ɗaya kusan ₦800. Da ladan hannu da ɓarna a ce ₦8,700. Ki sayar da kwalin ₦12,000, ɗaya ₦1,500, ribarki ₦3,300. Kin sauke wa mai saye ₦4,000, ke kuma kin fi samun riba, kuma dala ta hau ko ta sauka rabin damuwarki ta tafi. Dabino ma yana shiga, da zabibi, amma su zaƙi ne a kan zaƙi, sai ki rage sukarin kwaɓin ki ƙara ɓawon lemo. Sharaɗi ɗaya ne: ki kira shi da sunansa, sikon mai zoɓo da lemo. Kada ki sa zoɓo ki ce kiranberi ne. Ha'inci ne, kin san hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma wadda ta zauna Ingila a gutsuren farko za ta gane. A ganina ma sunan zoɓon talla ne. Mai kiranberi kowace mai oben da ta kalli bidiyo a waya za ta iya yi, mai zoɓo kuwa naki ne har sai an kwaikwaya.

Saura bota, wadda ita ce ran sikon. Majarin na gashi, irin wanda ake aunawa a kasuwa, ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma ya fi jure zafi, amma yana barin maiƙo a dasashi kuma ƙamshin ba ɗaya ba ne. A mai kiranberi na ₦2,000 kada ki sa shi ko kaɗan, mai biyan wannan kuɗi botar take saye. A mai zoɓo kina iya gwada rabi da rabi, ki ba mutanen gidanki su ɗanɗana ba tare da kin gaya musu wanne ne wanne ba, in kuma kin tsaya a kan haka ki faɗa wa masu saye. Ɗanyen man shanu da aka wanke da ruwan sanyi aka daskarar yana iya aikin, sai dai ƙamshinsa yana da ƙarfi, wasu na so wasu ba sa so. Soyayye kam bai dace ba. Kindirmo kuwa ki riƙe shi hannu bibbiyu: ya fi madarar gwangwani araha, tsaminsa na sa cikin sikon ya yi laushi, in ya yi kauri ki sirka da ɗan ruwa.

Bari in ɗan shiga kicin ɗinki, ko da yake kin fi ni sanin wajen, domin a sana'ar nan kwaɓin da ya lalace ₦9,000 ce ta tafi. Abin da ke sa sikon ya tashi ya yi sala-sala shi ne gutsattsarin bota masu sanyi da ke cikin kwaɓin, su narke a cikin oben, tururinsu ya buɗa shi. Bota tana narkewa tun zafi bai kai digiri 35 ba, kicin ɗinmu kuwa a watan Maris da Afrilu yana kaiwa nan ko ya wuce. In ta narke a hannunki kafin ta shiga wuta, abin da zai fito shimfiɗaɗɗe ne mai tauri. Don haka ki daskarar da botar a firiza, ki goga ta da abin gogar kuɓewa kai tsaye cikin fulawa, ki juya da cokali mai yatsu, ki zuba kindirmo da ƙwai masu sanyi. Kada ki murza shi kamar kwaɓin burodi, da ya haɗe jikinsa ki tsaya, ko da kina ganin ɓurɓushi. Ki tara shi ki danna da tafin hannu ya yi kaurin yatsu biyu, ki yanka da wuƙa mai kaifi, ki mayar firji minti 20, sannan ya shiga oben da ya riga ya yi zafi digiri 200, minti 15 zuwa 20. Da asuba ko bayan isha'i ne lokacin wannan aiki. Gashin tukunya da yashi da wasu ke yi wa kek ba ya yi masa, gindin zai ƙone saman bai yi ja ba. Ranar da babu wuta, firiza ta saki, kada ki karɓi oda.

Lemo kuwa, abin da mai lemo ke ferewa ya zubar a gindin baronsa shi kike nema, wato fatar nan ta sama mai mai. Farin da ke ƙarƙashinta ɗaci ne. Lemonmu na Binuwai sau da yawa fatarsa kore ce ko da ya nuna, ba laifi ba ne, amma ki zaɓi mai santsin jiki, ki wanke da ruwan ɗumi, ki goga sama-sama, ki ɗanɗana kafin ki zuba domin wani yana da ɗaci fiye da wani. Ki murza gogaggen ɓawon cikin sukari da yatsunki har sukarin ya ɗan jiƙe, a nan ƙamshin ke fitowa. Ruwan lemon ki jiƙa kiranberin a ciki minti goma ya kumbura, ki tsane, ragowar ki dama da garin sukari ki yi adon sama. Adon nan kaɗan za ki sa, zafi na narkar da shi a hanya ya ɓata kwali. Kuma ki bari ya huce sarai kafin ki rufe, in ba haka ba ya yi gumi ya saki.

Yadda za ki sayar shi ne ta oda kawai. Ki ware rana ɗaya ko biyu a mako, a ce Juma'a da Asabar, ki sanar cewa ana rufe karɓar oda ranar Laraba. Ba a sayar da ɗaya ko biyu, kwali ne, ko rabin kwali in har akwai wadda za ta ɗauki ɗaya rabin. Mai kiranberi a biya duka kafin ki kunna wuta, mai zoɓo a ba da kafin alƙalami na rabi. Bashi babu, ko ga 'yar'uwar maigida, domin ribar kwali huɗu ba ta rufe ramin kwali ɗaya na mai kiranberi da aka ci ba a biya ba. In firizarki na samun wuta a tsaye, ko kuna da sola, kina iya yankawa ki daskarar ɗanye, ki riƙa gasawa daga firiza kai tsaye da ƙarin minti kaɗan, sai ki iya karɓar odar gaggawa ki caji kuɗinta. Ɗanɗano kuma kada ki raba manya. Ki yanka ƙanana kamar girman akwatin ashana daga kwaɓin zoɓo, ki jefa ɗaya cikin kwalin duk wadda ta sayi kek, da 'yar takarda mai farashi. Ita kuma kwastomar taki, ki gaya mata gaskiyar farashin ba tare da jin nauyi ba. In ta ga ya yi yawa, ki ba ta zaɓi: ta kawo kiranberinta, tunda irinsu ba sa rasa mai zuwa daga waje, ke ki cire ₦4,500 ki caji sauran.

Wataƙila wani ya ba ki shawarar kai wa manyan kantuna. Ba yanzu ba. Kayan da aka ƙulla aka jera a kanti yana buƙatar rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lambar NAFDAC, kuma yawancin kantuna sai an sayar suke biya, abin da ya yi kwantai a dawo miki da shi. Ga kayan da ba ya wuce kwana biyu, wannan yarjejeniya ke ce za ki sha ƙasa. Gidan shan kofi da zai ce kawo 16 duk safiyar Asabar ya biya nan take, wannan ki karɓa da gudu. Rajistar CAC ɗin dai ki sa ta a gaba ko don ofisoshi, da yawansu ba sa biya sai ta asusun banki mai sunan kasuwanci.

Game da ₦150,000 ɗin, kada abin da zai tafi gwajin sikon ya wuce ₦30,000. Ki sayi ƙaramin sikelin kicin in ba ki da shi, domin awon kofi da gwangwani shi ke sa yau kwaɓi ya yi gobe ya ƙi, kuma zai yi miki amfani har a kek. Ki sayi ma'aunin zafi na cikin oben, lambar da ke jikin makunnin gas sau da yawa ba ta faɗin gaskiya. Sauran ki sa a bota da zoɓo da kwalaye, ga rabin ledar kiranberi da wataƙila ta rage miki. ₦120,000 kuma ta koma inda kika san tana juyawa. In da hali ki fara gwajin da shigowar hunturu: kicin ya yi sanyi, lemo ya cika kasuwa, ga bukukuwan ƙarshen shekara. Sai dai iskar lokacin tana busar da gashi da wuri, ki riƙa lulluɓe shi da tsabtataccen ƙyalle da zarar ya huce.

Ki buɗe wa sikon shafinsa daban a littafinki, kada kuɗinsa ya gauraya da na mitfai, in ba haka ba mitfai zai riƙa rufa masa asiri ba ki sani ba. Duk kwaɓi ki rubuta abin da ya ci, abin da ya shigo, da sunan mai saye. Bayan mako shida ki ƙirga mutum nawa suka dawo karo na biyu da kuɗinsu, ba tare da kin bi su da tuni ba. In sun kai biyar, ki ƙara rana ɗaya a mako, ki kuma fara maganar raba katan da abokan sana'a. In ba su kai ba, ki bar mai kiranberi ga wadda ta nema ta biya, ki ci gaba da tura mai zoɓo cikin kwalayen kek. Allah ya sa albarka a nema.